Kujerar da Ta Yi wa Harlan Daidai

Yayana Harlan Suttles ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana ɗinka wa mutane wurin zama, amma ban taɓa ganin ya zauna a kan kujera ya sake ba. Tsayi ne ya hana shi. Mazan gidanmu duk haka Allah ya yi su, dogaye kamar falwaya, ga ƙugun hagu da yake ɗan karkata, sai ka gan su suna tafiya a jirkice. Harlan ya fi kowa. A coci bencin ƙarshe yake zama ya miƙe ƙafafu a hanya, masu karɓar baiko suna tsallakewa. Ƙofar shagon da ya gada daga babanmu ma bai taɓa shigarta ba sai ya sunkuya. Sau nawa na ce a ɗaga ta, ya ce ƙofa ba ta yi laifin komai ba.

Shagon yana bayan gidan mai, a ɗan garinmu na cikin duwatsun gabashin jihar Tennessee ta Amurka. Bencin coci, kujerar aski, kushin kwalekwale, kujerar tarakta da ɓera ya cinye, duk nan ake kawowa. Harlan ba ya kunna rediyo, ba ya hira da masu kawo aiki. Da rana ya ci wake da burodin masara a tsaye, ya koma. Yana da keken ɗinki, amma duk inda nauyin mutum zai sauka da hannu yake ɗinkewa, da basilla da zaren da ya sha kakin zuma. Akwai wani ƙulli da babanmu ya koya masa: duk bayan taƙi ɗaya sai a koma baya sau biyu a ɗaure ta ciki, inda ba mai gani. Ni an hana ni koyo, wai mace ce. Ban yi asara ba.

Ɗa guda Allah ya ba shi da marigayiya Nadine, sunansa Emory. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: tsayin nan, ƙugun nan, shirun nan, sai dai shi bahago ne. A shagon ya tashi. Shekarar da Nadine ta rasu wata coci ta ba su aikin bencuna, Emory ya yi kusan duka shi kaɗai, don uban ba ya cikin hayyacinsa. Ranar da dattawan cocin suka zo dubawa, Harlan ya bi ɗinkin da yatsa, ya ga layi ɗaya ya kauce, ya ɗauki reza ya farke shi tun daga farko har ƙarshe a gaban baƙi. Bai zagi yaron ba, bai ɗaga murya ba. Da ma faɗan ya yi. Emory ya cire rigar aiki ya ninke ya ajiye a kan tebur, ya sunkuya ya fita. Sau ɗaya ya kira ni bayan haka, ya ce yana can yamma inda ba a ruwan sama, yana lafiya, kada in ba kowa lambar. Da na sake kira, layin ya daina shiga. Shekara goma sha wani abu ke nan.

Na gaya wa Harlan abin da ke raina a lokacin, kuma duk Kirsimeti sai na maimaita. Ni bakina ba ya ajiya. Shekarun da na yi ina dafa wa 'yan makaranta abinci sun koya mini magana da ƙarfi. Shi kuwa sai ya ci gaba da cin abincinsa.

Yanzu zancen motar. Dewitt Ledford yana da fili a hanyar fita gari inda yake ta da matattun motoci. Mota ta yi hatsari, inshora ta ce gyaranta ya fi ta tsada, a kai ta gwanjo, irin su Dewitt su saya ta kwamfuta ba su gan ta ido da ido ba, a kawo musu a bayan tirela. Su miƙe abin da ya lanƙwashe, su sauya abin da ya karye, hukuma ta duba ta yarda ta hau titi. Amma takardar mallakarta ba ta komawa fara. Ana buga mata tambarin cewa sake haɗa ta aka yi, kuma tambarin nan zai bi ta har ranar da za a niƙe ta. Mu nan takarda mai tabo muke cewa. Banki ba ya son ta, inshora tana ja da baya, mai hankali ma haka.

Wata Asabar a farkon bazara na raka Harlan kai wa Dewitt kujerun wata a-kori-kura da ya gyara masa. A bakin garejin muka tarar da ita. 'Yar ƙaramar motar Japan ce mai kujera biyu, koriya, sama a buɗe, an kwantar da ita har cikinta yana neman shafar ƙasa. An sa mata lanƙwasasshen ƙarfe a bayan kujeru don kare kai in ta kife, da ɗan mitsitsin sitiyari, da salansa mai faɗin bakin kofi. Irin motar da samari suke zuwa da ita ƙarshen mako suna hana mu barcin rana a kwane-kwanen hanyar dutse.

Dewitt ya ga Harlan ya tsaya yana kallo, ya ce, "Baba Harlan, zo ka shiga mu yi dariya. Tun safe ban dara ba."

Na ce, "Bar shi, Dewitt. In ya shiga sai an kira 'yan kwana-kwana sun yanko shi."

"Anti Lorene, ai ina da injin yanka a ciki. Shiga kawai, Baba, in ka maƙale kyauta zan fitar da kai."

Harlan ba mutumin wasa ba ne, shi ya sa na yi mamaki da na ga ya buɗe ƙofar. Ya sa ƙafar dama, ya ninke kansa, ya sauka. Muka tsaya jiran gwiwa ta daki sitiyari. Ba ta daka ba. Ya nutse cikin kujerar nan kamar an zuba shi, kansa ya tsaya ƙasa da ƙarfen kariya, ƙafafunsa suka sami totur da birki ba lalube. Ya ɗaga ido ya dubi madubi, ya kai hannu zai gyara, sai ya mayar da hannun kan cinya. Babu abin gyarawa.

Dariyar Dewitt ta tsaya a rabi. Ya ce, "Ikon Allah. Ni da na shiga ko titin ba na gani. A ɗaure kujerar take da ƙasa, ba ta gaba ba ta baya. Shi ya sa motar ta ƙi sayuwa."

Harlan ya ce, "Daga ina?"

"Arizona. Daga hannun inshora."

"Ta wane ne?"

"Baba, ka san mu ba ma tambaya."

Sunan Arizona ya wuce ta kunnena ban tsaya a kansa ba. Abin da na tsaya a kai shi ne yayana, mutumin da takalmi ɗaya yake sawa har ya huje, ya ce wa Dewitt ya kawo takardu.

Na ja shi gefe na ce, "Dogo, takarda mai tabo ce fa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa."

"Na ji."

"Mota ce da ta taɓa mutuwa. Da shekarunka, da furfurarka, mutane su ce me?"

"Su ce ta yi mini daidai."

Ni na koma gida da motar Harlan da muka zo da ita, shi yana gabana cikin rurin salansa. Tun a wannan hanya na fara jin abin da ban so ba. Harlan duk motar da ya tuƙa a takure yake, kai a sunkuye, kafaɗu a ɗage. Wannan da ke gabana ya jingina, ya ɗora gwiwar hannun hagu a kan ƙofa, ya ɗan karkata kai gefe guda. Na san wannan zaman, amma ba a jikin Harlan na san shi ba.

Ba ni kaɗai ba ce. Mako bai zagayo ba matar da ke gidan waya ta riƙe mini hannu ta ce, "Lorene, ashe Emory ya dawo ba ki faɗa ba?" Na ce wane Emory. Ta ce ta gan shi ta baya a wata koriyar mota yana hawa hanyar maƙabarta. Na ce Harlan ne. Ta dube ni ta ce ita ta san Harlan tun suna aji ɗaya, ta kuma san yadda yake zama. Mai gidan mai ma ya ɗaga hannu ya kira sunan yaron, sai da motar ta tsaya ya ga furfura, ya rasa inda zai sa hannun nasa.

Sai ƙananan abubuwa. An ɗaura wa motar mariƙin kofi a jikin ƙofar direba, ba a tsakiya inda kowa yake sawa ba. Harlan ya saba da shi. Ranar Lahadi a teburina na ga ya ɗauki kofi da hagu, ya kurɓa, ya ajiye, bai ma lura ba. Ni na lura, abincin ya fita raina. Wata rana kuma ruwa ya tare mu muna dawowa daga jana'izar wata ƙawata, ya tsaya ya ja rumfar motar ya rufe. Ina zaune a gefensa na ɗaga ido. A cikin tamfol ɗin, daidai saman kansa, akwai wuri mai faɗin tafin hannu da ya goge ya yi sheƙi, irin gogewar da kan mutum yake yi wa yadi shekara da shekaru. Duk ramin da muka faɗa, kan Harlan sai ya taɓa tsakiyar wurin nan. Na ce ya buɗe rumfar. Ya ce ruwa ake yi. Na ce na ji, ya buɗe. A jiƙe muka isa gida.

Harlan ba ya kirana a waya sai in an yi rasuwa. Don haka ranar Lahadin da ya kira bayan an tashi coci ya ce in zo shago, ko takalmi ban sauya ba.

Na tarar ya kwance kujerar daga motar ya ɗora ta a kan teburin aiki, ya zare mata riga. Soso ne a fili, an sassaƙe shi har ya kusa kai wa ƙarfe.

Ya ce, "Zo ki ga. Da wuƙar yanka naman talo-talo aka yi, ta lantarki, irin tamu. Dubi yadda haƙoranta suka bi. Mai dama ba ya yanka ta wannan gefen."

"Dogo bahago ba mutum ɗaya ba ne a duniya, Yaya."

Ya kama hannuna ya sa a cikin ramin. Gefen hagu ya fi zurfi, an yi masa wani ɗan kwari inda karkataccen ƙugu zai kwanta. Na janye hannuna.

Na ce, "Masu ciwon ƙugu ma suna da yawa."

 Ya ɗauki rigar kujerar ya juya cikinta waje, ya kai ta bakin taga. Ɗinkin hannu ne, zaren ya sha kaki. Duk bayan taƙi ɗaya an koma baya sau biyu an ɗaure.

Ya ce, "Mutum ɗaya na koya wa."

Ya bi layin da babban yatsa, a hankali, daga sama har ƙasa, kamar yadda ya yi a gaban dattawan coci. Na ga yatsan ya kai ƙarshe ya tsaya.

Ya ce, "Babu inda ya kauce. Ya iya."

Na nemi wuri na zauna. Ƙasar nan da faɗinta, motoci irin wannan dubbai, a ce wannan ta ratso jihohi a bayan tirela ta wuce kowa ta tsaya a inda Harlan zai kai kujeru. Fastonmu yana da bayanin irin wannan, ni ba ni da shi. Abin da ya sauko mini a lokacin ya fi mamakin nauyi. Motar da inshora ta ce ta mutu, Emory ne a cikinta ranar da ta mutu. Tambaya ɗaya ta rage: da ƙafarsa ya fita, ko fitar da shi aka yi.

Na ce, "Mu kira 'yan sandan can. Mu kira asibitoci. Da lambar motar za a gano."

"A'a."

"Don me?"

"In na tambaya, za a ba ni amsa."

Na zage shi. Na ce taurin kan nan ne ya kori yaron, yanzu kuma zai hana mu sanin ko yana numfashi. Ya bar ni na gama, yana ta shafa sosan nan. Tsoro na gani a fuskarsa, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da aka binne Nadine, kuma shi ya rufe mini baki.

Washegari na tafi wurin Dewitt ni kaɗai. Na same shi a ƙarƙashin wata mota, na shuri takalminsa ya fito.

Na ce, "Koriyar nan, me ka sauya mata?"

"Anti, in ta ba da matsala ai na faɗa tun farko, takarda mai..."

"Ba matsala na ce ba. Me ka sauya?"

Ya dube ni ya ga ba wasa. Ya ce gaba ya sauya mata, da gilashi, da ƙarfen da ke riƙe gilashin, da ƙofar direba. Ya ce bel ɗin direba a yanke ya zo, amma wannan ba komai ba ne, masu motar asibiti ko yatsa ka karya sai sun yanke bel.

Na ce, "To mene ne komai?"

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Anti, masu irin waɗannan motocin ba kamar mu ba ne. Mutum ya ragargaza motarsa yau, jibi za ki gan shi a filin inshora da sifana, ko da sandar guragu ne, yana kwance kayansa. Sitiyari, kujera, salansa, har kan sandar giya. Ya mayar da na kamfani, ya tafi da nasa. In ba zai iya tashi ba ya turo aboki. Tunda nake wannan sana'a ban taɓa samun wadda ta zo da kayanta cif ba sai wannan. Har murna na yi." Ya dubi fuskata. "Wani abu ne?"

Na gaya masa. Ya cire hula ya riƙe, ya ce da ya sani da a can ya bar ta.

Na koma shago da niyyar in haɗiye maganar. Harlan ya ɗago ya dubi fuskata ya ce, "Dewitt ya yi miki zancen sifana."

"Ka sani?"

"Shekara nawa ina mayar wa samarin nan kujeru." Ya soka basilla a jikin kaki. "Wataƙila asibiti ne ya riƙe shi har aka sayar. Ana yin haka. In yana nan, yana neman kujerarsa. Mutum ba ya sassaƙa irin wannan sau biyu."

Nan na gane abin da yake so. Ba zai tambayi matattu ba, rayayye yake so ya kira. Ya mayar wa kujerar rigarta, ya bi ramukan da allurar Emory ta huda bai ƙara ko ɗaya ba, ya ajiye ta a tsakiyar shago. Ni na ɗauki hotonta da wayata, 'yar maƙwabciyata ta nuna mini shafukan da masu irin motar suke cinikin kayan gyara, na sa. Kujerar dogon mutum, ɗinkin hannu, mai so ya zo ya gwada. Harlan ya hana a sa sunansa, sai sunan gari da kwatancen shago. Motar kuwa ya tura ta bayan shago ya lulluɓe, ba kujerar direba.

Ban san dogaye suna da yawa haka ba, ban kuma san suna wahala haka ba. Suka fara zuwa, daga Georgia, daga Kentucky, har daga Ohio. Ƙofar shagon yamma take kallo, don haka in rana ta juya, duk wanda ya tsaya a bakinta ba ka ganin fuskarsa, sai baƙar inuwa. Za ka ji mota ta tsaya, ka ji taku, sai inuwa doguwa ta cika ƙofar, ta sunkuya. A wannan sunkuyawar duk Emory ne. Basillar Harlan ta tsaya a iska, sai mutumin ya shigo cikin haske ya zama wani can mai gemu ko mai tabarau yana cewa sannunku. Na koma yini a shagon, wai don in taya shi karɓar baƙi. Gaskiya ba na son abin ya faru ba na nan, ba na kuma son ya faru ina nan.

Kowa ya zo sai ya zauna ya gwada. Ba wanda ta yi wa. Wani saurayi daga Ohio, mai fara'a, ya zauna ya lumshe ido ya ce a faɗi kuɗi.

Harlan ya ce, "Ba ta yi maka ba."

"Ta yi mana, Baba. Tun da aka haife ni ban ji daɗin zama haka ba."

"Ƙugunka na hagu a rataye yake. Tashi."

"Ai ni zan zauna, ni zan biya."

"Tashi, ɗana. Kawo taka in sassaƙa maka."

Haka ya riƙa yi. Dogayen nan suka riƙa komawa gida da kujerun da aka yanka daidai jikinsu, suna yi masa godiya, suna turo wasu. Aiki bai taɓa yi masa yawa kamar wannan shekarar ba. Shi kuwa yana ramewa, wandonsa yana sauka, kuma ya daina juya wa ƙofa baya ko da zai ɗauko zare.

Ganyen itatuwan kan duwatsu ya yi ja ya fara zuba. Wata Talata da la'asar muka ji mota ta tsaya, muka ji taku. Inuwar da ta zo ƙofar gajera ce, ba ta sunkuya ba. Harlan ya mayar da kansa kan keken ɗinki a can lungu, ya bar ni da ita.

Mace ce, ba za ta wuce talatin da biyar ba, baƙin gashi a ɗaure, rigar sanyin maza a jikinta har gwiwa, an naɗe hannayen rigar sau da yawa. Ba ta gaishe ni ba. Kai tsaye ta nufi kujerar ta durƙusa, ta sa tafin hannu a cikin kwarin nan na hagu, ba tare da ta nema ba.

Ta ce, "Ina kuka samo ta?"

Na ce a jikin mota ta zo, daga gwanjo. Na tambayi sunanta. Ta ce Araceli, daga kusa da Tucson take, kwana biyu tana tuƙi.

Ta ce, "Na je filin inshora in kwance ta. Abokansa sun ce su je, na ce a'a, ni zan je da kaina. Sai na kasa fita daga gida. Da na iya fita, suka ce an riga an ɗauki motar."

Tambayar tana bakina. Na haɗiye ta.

Keken ɗinki ya yi shiru. Harlan ya miƙe daga lungu, ya yi ta miƙewa har kansa ya kusa taɓa fitila, ya tako a jirkice zuwa cikin haske. Ta ɗago. Tana ganinsa ta kama ƙafar tebur.

Ta ce, "Ya ce mini babansa mai ɗinki ne. Bai ce mini haka kuke ba."

Harlan ya tsaya, hannuwa a sake. Leɓensa ya motsa. Na san abin da yake son tambaya, na kuma san ba zai iya ba.

Ta miƙe a hankali, ba ta ɗauke ido daga kansa ba. Ta ce, "Baba, don Allah ka zauna a kanta. Ka ba ni baya."

Bai tambayi dalili ba. Ya juya kujerar ta kalli bango, ya ninke kansa ya sauka, ya nutse. Kansa ya karkata gefe guda da kansa. Ta tsaya a bayansa tana kallon ƙeyarsa da kafaɗunsa, ta daɗe, har na ji motar ɗaukar shara ta zo gidan mai ta tafi.

Ta ce, "Ba su bari na gan shi ba. Suka ce gara in riƙe shi yadda na san shi."

Amsar ke nan: fitar da shi aka yi. Ba mu tambaya ba, an ba mu.

Na ga Harlan ya damƙe gwiwoyinsa. Ta matso ta ɗora hannu biyu a kafaɗunsa, ta kifa goshinta a ƙeyarsa. Hawaye yana bin fuskarsa yana ɗiga a rigar aiki, amma bai bar kafaɗun sun girgiza ba, don kada ya ɓata mata.

Can ta ce, "Yi haƙuri, Baba. Yanzu zan sake ka."

Bai juyo ba. Ya ce, "Ki daɗe yadda kike so, 'yata."